Baba, Kafin Ka Buɗe Akwatin Jirgin

Old Trafford, Manchester

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Baba, sannu da hanya. Allah ya sa ka isa Birmingham lafiya, ka tarar da ɗakin da ɗumi, ya tsare ka daga sharrin hanya da na baƙon wuri. Na ɗaure wannan takarda a saman akwatin ɗan jirgin ƙasan da kake ƙerawa ne don ita za ka fara gani. Ka karanta ta har ƙarshe kafin ka kwance igiyar.

Tun da na yi wayo kake kirana Ummi, saboda sunan Inna mahaifiyarka aka sa mini, kuma bakinka ba ya iya faɗar sunan. In na kawo maka shayi ka ce Allah ya yi wa uwata albarka. In na ɓata rai ka ce a yi wa ɗa afuwa. To, yau na karɓi matsayin. Inna ba ta duniya, Allah ya jiƙanta, ga ɗanta zai bar gida, kuma bai kamata ya tafi ba wanda ya yi masa nasiha ba. Da baki ba zan iya ba, ka san halina. Shi ya sa na rubuta.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Mama. Ranar da muka sauka a filin jirgin saman Manchester, ban gane ka ba. Ka bar Zariya ina ƙarama sosai, abin da na sani naka shi ne fuska ƙarama a cikin waya, wadda take tsayawa cak in sabis ya yi rauni. Maza da yawa ne tsaye a wurin cikin manyan rigunan sanyi. Sai da na kalli fuskar Mama na ga wanda take kallo, sannan na san inda zan nufa. Na durƙusa har ƙasa na ce ina wuni. Ka yi dariya ka ce wa Mama, "Kai, dubi tarbiyya!" Gaisuwar da nake yi wa baƙin da suke zuwa gidan Kawu ce na yi maka.

Ban faɗi wannan don in ɗora maka laifi ba. Na san maganar takardu, na san maganar aiki. Kakan ce za ka zo da sallah, sallar ta zo ta wuce, ka aiko da kaya masu kyau. Da muka iso gidan nan, ka jawo tsanin nan daga silin, ka hau da ni ɗakin da ke ƙarƙashin rufi, ka kunna wuta. Na ga gari guda a kan tebur: tasha, gada, tankin ruwa, bishiyoyin da ba su kai yatsana ba, da jiragen ƙasa masu kwal suna zagayawa suna wucewa ta cikin dutse. Ka ce, "Ummi, ga abin da ɗanki yake yi in kaɗaici ya dame shi." Na ce yana da kyau. Yana da kyau ɗin. Amma a raina na ce ashe nan shekarun suka shige.

Yanzu ka ce duk ƙarshen mako za ka riƙa dawowa, Birmingham ba nisa, ko awa biyu ba a yi a jirgi. Na yarda haka kake nufi. Sai dai ranar da kake naɗe jirgin nan a cikin tsumma kana sa shi a akwati, na ji ka ce wa Mama, "A can ba mai damuna, kafin baje kolin ƙungiyarmu ta masu ƙananan jirage zan gama shi." Ƙanena Faruk bai cika shekara uku ba. Ba na son wata rana ya kalli fuskar Mama kafin ya san wanda zai ruga wurinsa. Saboda wannan na zauna rubutu, sauran duk biyo baya suka yi.

Zan faɗa maka kurakuraina, domin su kaɗai nake da su da zan yi maka nasiha da su.

Ka tuna wankin jirage? Ban daɗe da zuwa ba, ina neman abin da zan yi maka ka ji daɗi. Ka tafi aiki, na hau sama, na ga jiragenka duk sun yi dauɗa. Kunkunniya a bakin bututun hayaƙi, tsatsa a gindin tukunya, wani farin zane kamar inda ruwa ya zuba ya bushe, ƙafafun sun yi baƙi kamar da maiƙo. Na ce wannan zaman namiji shi kaɗai ne, ba mai share masa. Na ɗebo ruwan ɗumi a roba, na sa sabulun wanke-wanke, na ɗauko tsohon buroshin haƙori. Guda uku na wanke tas, har suna ƙyalli. Na jera su a kan tawul, na zauna ina jiran ka dawo.

Ban san dauɗar da hannu kake sa ta ba. Ban san garin fenti ne kake shafawa da siririn buroshi kaɗan-kaɗan, kana duba tsofaffin hotuna, don jirgin ya yi kama da wanda ya sha aiki a rana da ruwa. Ka hawo, ka tsaya kana kallonsu. Ka ɗauki ɗaya ka juya shi. Ka ce, "Sannu da aiki, Ummi." Shi ke nan, ka sauka. Kwanaki ba ka hau sama ba, ni kuma ina ta tunanin me na yi. Mama ce ta gano, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Uwarka ta yi maka wankan jego, sai ka gode mata!" Kai ba ka yi dariya ba, ni ma haka.

Nasihata biyu ce a nan. In ka shiga sabon wuri ka ga abu kamar ya lalace, ka tambaya kafin ka sa hannu, ko a wurin aiki ko a gidan da za ka zauna. Wataƙila mai shi haka ya so shi. Ta biyu kuma, in an ɓata maka rai ka faɗa. Da ka yi mini faɗa a ranar, da kafin magariba na gama kukana. Shirunka ya fi daɗewa a jikina. A waya shiru ya fi muni, don ba za mu ga fuskarka ba balle mu gane.

Bayan nan ne ka koya mini aikin, don haka ban ce wankin bai yi amfani ba. Ka ba ni hantsaki da gilashin ƙara girma, ka ce in fara da kujerun tasha. Kullum gam yakan yi mini yawa. Ina ganin in na zuba da yawa zai fi riƙewa, sai ya malalo ya ɓata tagar ɗakin direba, ta yi fari kamar an hura mata numfashi. Ka nuna mini yadda ake ɗiban gam da bakin allura. Ɗigo ɗaya, a inda ya dace, sannan a riƙe da yatsa a jira. Ka ce riƙewar ce aikin. Na sha tuna wannan. Kar ka tara mana tsaraba mai yawa ka ce za ka kawo gaba ɗaya in aiki ya yi sauƙi. Faruk ba ya buƙatar komai daga Birmingham, duk abin da ke can akwai shi a nan.

Sai maganar Malam Dennis. Ranar da ka fara kai ni ƙungiyarku ta masu ƙananan jirage a Withington, a zauren nan mai warin shayi da man inji, ni kaɗai ce yarinya, ni kaɗai ce mai hijabi, sauran duk tsofaffin Turawa ne masu tabarau a goshi. Malam Dennis, mai farin gashin nan da yatsunsa suke rawa sai in ya riƙe jirgi, ya sunkuyo ya tambaye ni wanne ya fi burge ni. Na ji abin da ya ce sarai. Kunya ce ta kama ni, na sunkuyar da kai. Sai ya ɗauka ba na jin Turanci. Daga nan kullum in ya gan ni sai ya yi mini magana da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya, yana nuni da hannu kamar mai kiran kaza. Ni kuma tunda na fara, na rasa yadda zan fasa. Watanni muka yi a haka. Yana yi wa wasu bayanin yadda ake lanƙwasa tagulla ta zama tukunyar jirgi, ni ina nesa ina miƙa wuya, ina da tambayoyi cike da baki.

Ranar da abin ya ƙare, wani jirginsa ne yake ta tsayawa a wuri ɗaya, suna ta duba wayoyin ƙarƙashin tebur. Ni ina ganin ɗan zare ya naɗe a ƙafarsa ta baya, don tsayina daidai da teburin yake. Na faɗa kafin in tuna ba na magana. Ya cire tabaransa ya dube ni, ya ce wa sauran, "Ku ji fa! Ashe duk tsawon lokacin nan tana jin zagin da nake yi wa jiragen nan!" Suka kwashe da dariya. Ba abin da ya same ni. Ya ba ni biskit, ya jawo mini kujera kusa da shi.

Baba, wannan halin a wurinka na gado, Mama ta sha faɗa. Na san yadda za ka yi a can: aiki, ɗaki, aiki, ɗaki. In maƙwabci ya gaishe ka a matattakala, ka tsaya ka amsa, ka faɗa masa sunanka. In an idar da Juma'a kar ka ɗauki takalmi ka sulale, ka tsaya ko na ɗan lokaci, ba za a rasa Bahaushe ba. Ya kamata a samu wanda in bai gan ka kwana biyu ba zai ƙwanƙwasa maka ƙofa. Kuma ka yi rajista da GP, likitan unguwa, a makon farko, kar ka jira sai maganin hawan jininka ya ƙare. Na sa maka shi a aljihun jakar baya, ba cikin akwatin kaya ba.

Kuskure na gaba na fi jin nauyinsa, don ban gane kuskure ba ne sai daga baya. Da na iya aikin, sai ya zama kullum muna sama, ni da kai. Mama ta dawo daga aikinta na asibiti da gajiya, ta dafa abinci, ta tsaya a gindin tsani ta ɗaga murya, "Kai da uwarka ku sauko, tuwo zai huce!" Kai kuma kana riƙe da ƙarfen liƙi mai zafi, dalma tana narkewa, ba ka ko ɗaga kai. Sai ni in leƙa ta ramin in ce, "Mama, Baba yana tsakiyar liƙi, yanzu za mu sauko." Ina jin daɗin faɗar haka. Ina ganin kamar ni ce mai gadin ƙofarka. Yanzun nan tamu takan kai har a kira isha'i.

Wata rana na sauko ɗaukar ruwa, na tarar da ita a kicin tana cin nata a tsaye, Faruk a kafaɗarta yana barci, namu kwanukan biyu a rufe a kan tebur. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ummi, da can teku ce tsakanina da ɗanki, yanzu tsani ne. An samu ci gaba." Ta ci gaba da cin abincinta. Na koma sama ban faɗa maka ba, kana neman wani ɗan ƙusa da ya faɗi, na durƙusa na taya ka nema.

Don haka in wayarka ta yi ƙara ka ga Mama ce, ka ajiye ƙarfen. Dalma tana sake narkewa, kai ka koya mini haka. A can babu ni a bakin tsani da zan ce kana zuwa, kuma ko da ina nan na daina. Ka ci abinci a zaune, a kan lokaci. Mama ta daka maka yaji, ta sa maka kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, kar su dawo mana yadda suka tafi. In za ka yi fenti ka buɗe taga ko da ana sanyi, ɗakin ƙarami ne, na gani a hoton da ka nuna mana. Kar ka bar ƙarfen liƙi a kunne ka tada salla.

Akwai kuma maganar Inna ta kan tasha. Mutanen roba da ake sayarwa a shago duk Turawa ne, masu hula da jakar hannu, sai mun kankare su mun sake musu fenti da kaya. Ka ɗauki wata mata mai lema, ka yanke lemar, ka yi mata faranti a ka da ɗan guntun gwangwani, ka ce ga Inna tana tallan dafaffen ƙwai a tashar Zariya, yadda take yi tana budurwa in jirgin Kano ya tsaya shan ruwa. Ka bar mini fentin zanenta. Na yi mata kore, don shi nake so. Ka duba ta gilashi ka ce, "Inna ba ta taɓa ɗaura kore ba. Shuɗi take so, mai duhu." Na ce bari in goge. Ka ce a'a, a bar ta, wannan Innar ta zaɓi nata. Sannan ka ajiye buroshi ka yi ta ba ni labarinta: yadda take gane direba da kukan jirginsa tun kafin ya shigo gari, yadda garwashin kwal ya taɓa huda mata mayafi, yadda ta riƙa kai ka bayan tasha kana yaro kana hawa matattun jiragen da ciyawa ta fito a cikinsu. Ban taɓa jin ka yi doguwar magana irin ta ranar ba.

Da na yi mata shuɗi tun farko da ban ji ko ɗaya ba. Ban san wace nasiha ce a ciki ba. Wataƙila ita ce, ka riƙa ba da labarin nan ba sai an yi kuskure ba. Faruk zai so ji, kuma ni ban iya kwaikwayon kukan jirgin yadda kake yi ba.

Yanzu sai jirgin da ke cikin akwati. Na san matsayinsa a wurinka. Babu shagon da ke sayar da irin wanda ya bi ta Zariya, shi ya sa kake ƙera shi da hannunka daga fallayen tagulla, kana auna tsofaffin hotuna, tun kafin mu zo. Na san saura fitilar gaba, da bututan gefe, da fenti, da lamba. Na san Malam Dennis ya ce a baje kolin bana za a ba shi tsakiyar tebur. Ina son a gama shi kamar yadda kake so. Ni na liƙa ƙusoshin gefen hagu, ka ce ba ka iya bambanta su da naka.

Na kuma san yadda Asabar take zuwa. Ranar Juma'a da yamma za ka ce saura kaɗan fitilar ta zauna, bari ka kwana ka gama, ka taho da safe. Da safe za ka ɗora shi a kan ɗan layin gwajin da ka tafi da shi, ka ga yana ɗingishi a kwana, ka ce bari ka duba ƙafar. Kafin ka ɗaga kai la'asar ta yi. Sai ka kira ka ce mako mai zuwa insha Allahu. Ba ƙarya za ka yi ba, kuma ba don ba ka son mu ba ne. Ni ma in na sa ido a gilashin nan ba na jin kira. Shi ya sa na sani.

Kai ka yi mini bayani ranar da na tambaye ka me ya sa wayoyi suke fitowa daga taragon kwal, wannan ƙaramin da yake manne a bayan kan jirgi yana ɗaukar masa kwal da ruwa. Ka ce tukunyar ta yi siriri, injin lantarkin bai shiga ba, dole ka ɓoye shi a cikin taragon. Ka ce mutane suna kallon kan jirgin suna yaba shi, alhali na bayan ne yake tura shi. In babu taragon, ko an kunna wuta ba inda za shi.

Allah ya kiyaye ka a fitarka da shigarka. Ya ba ka abokan aiki masu sauƙin kai da maƙwabta na gari, ya tsare maka lafiyarka da sallarka, ya sa albarka a abin da ka je nema. Allah ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinta. Mama ba ta san na rubuta wannan ba. In ka ga dama ka nuna mata, in ka ga dama ka bari.

In ka buɗe akwatin za ka ga kan jirgin a naɗe yadda ka naɗe shi, ban taɓa shi ba. Ɗaya ƙunshin da ke gefensa katako ne na naɗe a tsumma don kar ya yi ta karkaɗawa a hanya. Taragon kwal yana nan gida a wurina. Na ajiye shi a kan layi a gaban tasha, daidai inda Inna take tsaye da farantinta. Malam Dennis ya ba ni guntun kwal na gaske, zan daka shi in cika taragon da shi, da bakin allura zan sa gam ɗin. Ka yi wa kan jirgin fitila da bututu da duk abin da kake so a can. Ranar da kake son ganin ya motsa, ka zo da shi. Zan goge layin tun ranar Juma'a, kuma sai an ci abinci a ƙasa sannan za a jawo tsani.

In ranka ya ɓaci, ka kira ka faɗa mini.

Wassalam.

Uwarka,
Ummi